Nazarin ɗinkin rigar macen Ingila ta wajen 1805 daga tsohuwar taswirar yanka

Aikin da ake nazari a nan riga ce guda ɗaya: farar rigar rana ta auduga shara-shara, irin wadda matan Ingila suka sa tsakanin 1800 da 1810, mai ƙugu can sama ƙarƙashin ƙirji, wadda gabanta ke buɗewa ya faɗo kamar ƙyallen aikin kicin sannan a ɗaga shi a maƙale a kafaɗa. Wadda za ta sa rigar tsawonta santimita 165. An auna kewayen ƙirjinta 94, ƙarƙashin ƙirji kuma 80. Rigar asali da aka ɗebo taswirar, wato zanen yankunan rigar, daga jikinta ƙarƙashin ƙirjinta 68 ne kawai. Wannan tazarar santimita 12, da inda ya kamata a saka ta, ita ce ta jawo yawancin wahalar aikin.

A wancan zamanin babu taswirar takarda mai girma daban-daban da ake saya a kanti. Irin wannan sai a 1863 wani tela mai suna Butterick ya fara fitar da ita a Amurka. Mai ɗinkin mata a Landan kan yafa yadin shafi a jikin mai rigar ta yanka, ko ta warware tsohuwar riga ta kwafa. Mujallun ado irin na Ackermann, wadda ta fara fita a 1809, hoton riga suke nunawa da ɗan bayani, ba sa nuna yadda aka yanka ta. Saboda haka abin da maɗinki ke samu yau iri biyu ne. Akwai taswirar da masu bincike suka auna daga riguna na gaske da ke gidajen tarihi, kamar aikin Janet Arnold a littafinta Patterns of Fashion na 1964, inda aka zana kowane yanki a kan gidaje-gidaje, gida ɗaya inci ɗaya. Akwai kuma littattafan koyar da yanka na lokacin, irin su The Workwoman's Guide na 1838, wanda ya fi amfani ga kayan ciki. Wannan na biyun yana awo da nel: nel ɗaya inci biyu da kwata ne, wato santimita 5.7, nel 16 kuma yadi ɗaya. Wanda ya ɗauki nel a matsayin inci zai yanka shimin da ko yarinya ba za ta shiga ba.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe game da taswirar da aka ɗebo daga tsohuwar riga. Ba ta da rarar ɗinki a gefe, layin da aka zana shi ne layin da allura za ta bi, don haka sai an ƙara santimita 1 a kowane gefe, a ƙara 2.5 a rigar gwaji. Sannan taswirar mace ɗaya ce tak, wadda ta girma cikin koset, wato rigar ciki mai tauri da ake ɗaurewa da igiya, tun tana yarinya, kafaɗunta a janye baya, ƙirjinta a ɗage.

Kuskuren farko

An fara da abin da ya fi sauƙi a ido: an faɗaɗa taswirar gaba ɗaya da kashi 18 cikin ɗari don 68 ya koma 80, aka yanka a akoko, aka gwada a kan rigar mama ta zamani. Kewayen ya yi daidai, sauran komai ya lalace. Bayan rigar ya yi faɗi har ya tattare tsakanin kafaɗu, ramin hannu ya zurfafa, ƙugun ya sauko kusan santimita 3 ƙasa da inda ya dace, gaban kuma ya yi hamma a gefe biyu. Dalilin a fili yake. Mace mai kauri ba ta fi siririya tsawon baya ko girman ƙashin kafaɗa da kashi 18 ba. Ƙarin yana gaba da gefe. Sannan rigar mama ta yau tana tara ƙirji a tsakiya ta bar shi ƙasa-ƙasa, alhali rigar 1805 an yanka ta ne don ƙirjin da aka ɗaga aka raba.

Daga nan aka ajiye rigar gefe, aka koma ga abin da ke ƙarƙashinta. Wannan shi ne hukuncin da ya fi muhimmanci a aikin duka, kuma bai kamata a yi ciniki a kansa ba: ba a auna mace don wannan riga sai tana sanye da shimi da koset ɗin da za ta sa ranar.

Shimi da koset

Shimin na lilin ne fari, mita 2.6 mai faɗin 90. Jikinsa dogon ƙyalle ɗaya ne, tsawon 210 faɗin 78, a ninka biyu a kafaɗa ba tare da ɗinki a wurin ba. Ana yanke siririn yanki mai kusurwa uku daga kowane gefe na sama, a juya shi a ɗinka a ƙasa, sai kafaɗa ta tsuke ƙasa ta buɗe, ba a zubar da ko tafin hannu na yadi ba. Hannu ƙyalle ne 40 da 20, a hammata kuma a saka murabba'i mai 14 a kowane gefe, a ninke shi kusurwa da kusurwa. Duk telan da ya taɓa haɗa taguwa daga saƙar hannu zai gane wannan hikimar nan take, domin dalilin ɗaya ne: yadi ya fi aikin hannu tsada. Ba a yanka lilin da ido. A zare silin zare ɗaya daga saƙar, a bi gurbinsa da almakashi. Kowane haɗi ana yin sa sau biyu, a ɗinka da ɗinkin komawa baya, a rage baki ɗaya, a naɗe ɗayan a kansa a kwantar, faɗin bai wuce milimita 4 ba, saboda shimi shi ke shan wanki. Wuyan kuwa a bar shi sai ƙarshe. Sai an sa koset da rigar gwaji za a zana shi da alli, santimita 1.5 ƙasa da wuyan riga, in ba haka ba zai leƙo.

Koset na wannan zamani ba ya matse ƙugu, don ƙugun ma ba a ganin sa. Aikinsa ɗaga ƙirji da miƙar da baya. An yi shi da ninki biyu na auduga mai kauri, da yankuna masu kusurwa uku guda biyu a kowane ɓangaren ƙirji, da aljihu a tsakiyar gaba inda ake zura siririn katako mai santsi, tsawon 32 faɗin 4. Katakon ne ke raba ƙirji, shi ne kuma ke hana gaban lanƙwashewa idan an zauna. Maimakon ƙarfe, ana ƙarfafa ƙasan ƙirji da layukan igiyar auduga da ake zurawa tsakanin ninki biyun. Ramukan igiyar ɗauri a baya da hannu ake yi, domin zoben ƙarfe bai shigo ba sai ƙarshen shekarun 1820. Kada a huda da almakashi ko abin fasa rami: a tura basilla ta raba zaren saƙar ba tare da ta tsinka shi ba, a zagaye ramin da zare mai kauri. Ramin da aka yanke zai yage a ɗauri na uku ko na huɗu. A bar tazarar santimita 4 zuwa 5 a baya idan an ɗaure. Idan bakuna biyun suka haɗu tun yana sabo, koset ɗin ya yi yawa, domin zai ƙara sakewa da zafin jiki.

Wurin da aka fi kuskure shi ne zurfin yankunan ƙirji. Idan sun yi zurfi, ƙirjin ya nutse ciki, ɗagawar ta tafi. Bakin koset ya tsaya a tsakiyar ƙirji ko sama kaɗan, ƙubakar wuyan shimi ta riƙe sauran. Da aka sa wannan koset, layin ƙarƙashin ƙirji ya hau sama da kusan santimita 4 idan aka kwatanta da awon farko. Duk awon tsayi da aka yi kafin nan ya zama na banza.

Fatari bai da wahala, sai dai ba zai tsaya da kansa a ƙarƙashin ƙirji ba. A yi masa madauri biyu na kafaɗa, ko a haɗa shi da ƙaramar riga marar hannu. Alawayyo mai laushi ya isa, mita 2.5, ya gaza rigar da santimita 3. Ba tare da shi ba ana ganin ƙafafu ta cikin rigar duk lokacin da haske ya biyo ta baya.

Inda santimita 12 ɗin suka tafi

An koma ga taswirar a girmanta na asali. Bayan rigar ɗan ƙaramin yanki ne mai siffar daimon na karta, tsayinsa a tsakiya 17, faɗinsa tsakanin ramukan hannu 24, a ƙugu kuma 10 kacal. Haɗin gefe ba ya ƙarƙashin hammata inda telan yau ya saba sa shi. Yana lanƙwasowa ne can baya, kusa da ƙashin kafaɗa. Haɗin kafaɗa ma yana gangarowa baya da santimita 5 zuwa 6. Wannan ƙaramin baya shi ne fuskar zamanin. Idan aka mayar da haɗin zuwa hammata don sauƙi, rigar za ta zama rigar yau mai ƙugu a sama, ko da an ɗinka ta da hannu daga farko har ƙarshe.

Don haka an ƙara santimita 1 kawai a kowane gefen baya, sauran 10 aka raba biyar-biyar a yankunan gefe, ta hanyar tsaga taswirar a tsaye daidai ƙarƙashin hammata a buɗa ta. Buɗawar ta faɗaɗa ƙasan ramin hannu, sai aka ɗaga shi da santimita 1.5 aka sake zana lanƙwasar. Ramin hannu ya kamata ya hau sosai cikin hammata. Mutane na tsammanin rami mai faɗi shi ke ba da sakewa, amma a riga mai matse jiki akasin haka ne: idan ramin ya sauka, duk ɗaga hannu sai ya ja rigar gaba ɗaya sama.

Shafin na lilin ne, santimita 60 sun isa. Shi ne ainihin ƙashin rigar. Yankunan gefensa suna zarcewa gaba su zama kunnuwa biyu da ke haɗuwa a kan ƙirji, ɗaya bisa ɗaya da santimita 6, a soke da fil. Duk nauyin rigar a kansu yake, farin yadin sama rufi ne kawai. Babu dat ko ɗaya a wannan riga, wato ninkin nan da ake ɗinkewa don fitar da siffar ƙirji. Abin da ke ba ƙirji wuri shi ne tattara da zariya.

Yadi

Asalin yadin maslin ne, wato auduga shara-shara, wanda mafi kyawunsa ke zuwa daga Daka a ƙasar Bengal. Zuwa 1805 masaƙun Glasgow da Paisley da Lancashire a Birtaniya suna saƙa nasu da zaren injin kaɗi da Samuel Crompton ya ƙera a 1779, shi ya sa farar riga ta sauko daga gidajen masu hali zuwa na matsakaita. Abin da ya fi kusa da shi a kasuwa yau boyel ne na auduga zalla, marar sheƙi, mai nauyin giram 50 zuwa 70 a murabba'in mita. An sayi mita 4.5 mai faɗin 110. A gwada kafin a biya: a ƙona ɗan zare, idan ya bar toka mai laushi da warin takarda auduga ce, idan ya dunƙule ya yi ƙwallo akwai roba. Mai roba ba ya karɓar tattara, sai ya kumbura a baya ya tsaya tsaye maimakon ya zubo. A jiƙa duka yaduka a ruwan zafi, a shanya, a goge da ɗan danshi kafin a sa almakashi. Lilin da auduga ba sa tsukewa daidai da juna, kuma rigar da aka haɗa ba a jiƙa ba za ta yamutse a haɗin baya tun wankin farko, babu gugar da za ta gyara.

Haɗa jiki da hannu

A wancan zamanin keken ɗinki bai wanzu a gidaje ba tukuna. Takardar mallakar keken da Ba'amurke Elias Howe ya ƙera ma ta 1846 ce. Ana iya bin dogayen haɗin siket da keke idan lokaci ya ƙure, amma jikin rigar ba ya yiwuwa da shi, saboda tsarin haɗin daban ne. Ba a kifa fuska da fuska a ɗinka a juya. Ana fara haɗa shafin, a shimfiɗa yankunan gefe na farin yadi a kansa, sannan a ninke bakin yankin baya da milimita 6 a ɗora a kan na gefe, a ɗinka daga waje da ɗinkin komawa baya mai ɗan tazara, milimita 2 daga bakin, allura na ratsa duka ninkin. Wannan layin ƙananan ɗigo da ake gani a bayan rigunan gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ba ado ba ne, shi ne haɗin. Zaren ya zama siriri, na auduga ga maslin, na lilin ga shafi, a ja na lilin a kan kakin zuma don kada ya tsefe. Tsawon zare kada ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu.

Hannun riga ne ya fi cin lokaci. Kansa ba daidai yake gaba da baya ba, yana da dogon kunne da ke miƙewa baya don ta cike ramin da ya ci cikin kafaɗa. A rigar gwaji an sa hannun dama a hagu, sai hannun ya murɗe, mai rigar ta kasa miƙa hannu ta ɗauki kofi. A yi alama da zare mai launi a gefen baya tun a teburin yanka. Ana ɗinka rabin ƙasa daga ciki, daga gaban hammata zuwa bayanta. Rabin sama kuwa a jikin mai rigar ake shirya shi: a kwantar da shi a kan madaurin kafaɗa na shafi, a tura yawancin tattarar baya da saman kafaɗa, a soke da fil, a cire rigar a ɗinka, sannan a rufe bakin da madaurin farin yadi. Gajeren hannu ne aka zaɓa, tsawon 22 daga kafaɗa, da ɗan madauri mai 29 a damtse.

Siket da gaban da ke faɗowa

Siket ɗin yanki uku ne. Na gaba faɗinsa 80 a ƙasa, 52 a sama. Na baya biyu ne, kowanne 75, a miƙe ba karkata. Kewayen ƙasa ya zama 230. Daga ƙarƙashin ƙirji zuwa ƙasa 112 ne a gaba, amma a baya 115, domin ƙugun rigar yana ɗan hawa a baya. Ba a gyara wannan bambanci a ƙasa. Kalmasa ta bi zaren saƙa a miƙe, faɗin santimita 3, a fara yin ta ma kafin a haɗa siket da jiki. A sama ake rage tsawo, ana ninke rarar ciki har ƙasan ya daidaita da bene, ya ɗaga da santimita 2. Idan aka datse ƙasa a lanƙwashe, yadi mai laushi irin wannan zai saki a wuraren da aka ratsa saƙa, bayan mako biyu kalmasar ta zama hawa da sauka.

Haɗin gefe biyu ana barin su a buɗe santimita 28 daga sama, a naɗe bakinsu siriri, a ƙarfafa ƙarshen tsagar da ɗan sandan zare. Yankunan baya suna haɗuwa da jikin riga: santimita 13 na farko a kowane gefe a shimfiɗe ba tattara, sauran 124 a tara su cikin 18 a tsakiyar baya. Wannan kusan ninki bakwai ne, kuma ba ya shiga da tattarar keke. Ana bin layi biyu na ɗinkin tafi-gaba, tazarar milimita 6 tsakaninsu, kowane taku milimita 4, na ƙasa daidai ƙarƙashin na sama. A ja zaren biyu tare, sannan a bi kowace ninka da gindin allura a shafa ta ƙasa har ta kwanta kusa da 'yar'uwarta. Za su kai wajen 150. Kowace ɗaya tana samun nata ɗinkin a jikin rigar. Aiki ne mai gajiyar da ido, amma shi ke sa yadin ya zubo a baya a jere yayin da gaba da gefe suka kwanta sumul. Idan aka raba tattarar daidai a kewaye, mai rigar za ta fito kamar mai juna biyu, kuma wannan ne kuskuren da aka fi gani a rigunan wasan kwaikwayo. A ciki, ƙarƙashin tattarar, a ɗinka 'yar matashiya mai tsawon 12 da faɗin 5, cushe da auduga, don kada yadin ya faɗa cikin kwarin baya.

Yankin gaba yana hawa kan madauri mai tsawon 44 da faɗin 2.5, wanda ya zarce tsagar gefe da santimita 4 a kowane ɓangare don kada fatari ya leƙo. A kowane ƙarshen madaurin a ɗinka igiyar auduga mai faɗin santimita 1, tsawon 110. A saman madaurin ne ƙyallen ƙirji yake, faɗin 42 tsayin 17, an tattara ƙasansa cikin 30, samansa kuma da ƙubaka mai milimita 6 da siririyar zariya da ke fitowa a tsakiya ta ciki. A gwaji ƙyallen ya yi hamma a gefe ko bayan an sa koset, saboda an yanka gefunansa a tsaye. An karkatar da su ciki da santimita 2 a sama, aka ɗaga kusurwoyin da 1.5, sai suka kwanta a kan madaurin kafaɗa. Igiyoyin ma da farko sun riƙa zamewa ƙasa a baya suna jan gaban rigar. Maganin ƙananan madaukai biyu ne na zare a kan haɗin baya, daidai layin ƙugu, igiyar ta bi ta cikinsu.

Sa rigar yana da tsari. Shimi, koset, fatari, sannan a zura hannuwa cikin rigar kamar kwat, gaban yana rataye a ƙasa. A haɗa kunnuwan shafi a kan ƙirji da fil uku, a kwance, bakinsu ya nutse cikin koset. A ɗaga madaurin gaba, a kai igiyoyin baya ta cikin madaukai, a sarƙe su, a dawo da su gaba a ɗaure ƙarƙashin ƙyallen ƙirji. Sai a ɗaga ƙyallen a soke kusurwoyinsa a madaurin kafaɗa, ko a sa ƙananan maɓallan zare idan mai rigar ba ta saba da fil ba. A ja zariyar wuya a ƙarshe, kaɗan, har bakin ya taɓa fata. Mace na iya yin duk wannan ita kaɗai in ban da ɗaurin koset, kuma rigar tana karɓar canjin jiki na santimita 5 zuwa 6 ba tare da an warware komai ba.

Wajen wanki a cire matashiyar baya da katakon koset. A jiƙa rigar a ruwa mai ɗumi da sabulu marar bilic, a matsa da tafin hannu, kada a murɗe. Sitaci ya zama tsararo sosai, wanda zai ba yadin ɗan jiki ba tare da ya sandare ba. A goge da danshi, a bi tsawon saƙa, kada dutsen guga ya hau kan tattarar baya. A tura bakinsa tsakanin ninkin daga ƙasa ya tsaya santimita 3 kafin ɗinkin. Fil na ƙarfe kada ya kwana a jikin farin yadi, tsatsarsa tana da wuyar fita; na wancan zamani na tagulla ne da aka shafe da kuza, kuma irinsu ko na ƙarfen da ba ya tsatsa su ya kamata a nema. A ajiye rigar a kwance cikin farin ƙyalle, domin idan aka rataye ta nauyin siket zai ja ɗan ƙaramin bayan ya buɗa ramukan allura.